Amanar Nuha

Lahadi, 5 ga Rabi'ul Awwal 1446

Yau ma na wanke wandon jikata Nuha a ɓoye. Jini. Tun bayan Hajji ake haka. Shekararta tara, kunya kamar babba. Ranar farko ta riƙe hannuna: "Sitti, kakata, amana, kar Baba ya ji." Na amsa. Na ɗauka ɗankanoma ne, ina ta dafa mata bagaruwa tana zama a ciki.

Talata, 7

Mun je mustashfa, asibitin unguwar Aziziyya, ni da ita da ubanta. Manar, uwarta, tana wurin aiki. Daktora ta ce yarinya ta rame. Ta ɗebi jini, wai akwai alamar da ake nema idan garkuwar jiki ta juya tana cin hanji. Ta tambaya ko ana ganin jini a bayan gida. Nuha ta dube ni, ta ce, "La," wato a'a.

Ni ba a tambaye ni ba. Da haka nake ta lallashin kaina.

Alhamis, 9

Abincin Nuha yau cokali uku.

Litinin, 13

Tahalili, gwajin jinin, ya fito, ba a ga alamar ba. Manar har da rabon dabino a maƙwabta. Amma daktora ta faɗa sau biyu: yara da yawa suna da ciwon, jininsu bai nuna ba. In da ana zubar jini, da ta sa minzar, a leƙa hanjin da ido. Tunda babu, a dawo bayan wata uku.

Wata uku. Astagfirullah.

Laraba, 15

Uban Nuha ɗan farina ne. Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiran sunansa ba, ban zauna mun yi magana ido da ido ba. Haka uwata ta yi da yayana, a nan unguwar Ka'akiyya, ƙasa mai tsarki, aka haife mu amma ba ta sassauta ba. In ina son abu, Manar nake aika. Yanzu maganar bayan gida zan kai masa? Manar kuwa za ta ce wata uku ina kallo na yi shiru. Kuma gaskiyarta.

Na ce wa Nuha, "Ƙawata, amanar nan ta yi mini nauyi."

Ta ce, "To ki ci abinci, tsohuwa." Ta yi dariya, sai ta dafe ciki.

Alhamis, 16

Da safe Nuha ta fito daga banɗaki tana bin bango. Ubanta kuma ya sauka, ya tada mota zai tafi aiki. Na bi shi ba takalmi. Na ce "kai", na ce "yaron nan", bai ji ba. Sai na kira sunansa.

Ya taka birki, ya fito. "Umma? Lafiya?"

Na faɗa masa duka, ina kallon tayar mota.

Lahadi, 19

Za a sa minzar ranar Talata mai zuwa. Manar ta gaishe ni a taƙaice. Nuha ba ta yi mini magana, amma ta bar ni na taje mata kai.

Tijjani ya ce ni zan riƙe mata hannu. Na ga na rubuta sunansa. Bari in bar shi, biro ba ya gogewa.