Kwamfutocin Gumel da Ciwon Ummu

Litinin, 16 ga Yuni, 2025
Shugabar makaranta ta amince! Kwamfutocinmu na ɗakin koyo ba za su ƙara zaman banza bayan an tashi ba, ga sola tana ta zuba wuta. Shafin intanet ɗaya kawai zan buɗe a burauza in bar shi. Masu bincike su aiko guntun lissafi, na'ura ta warware ta mayar musu. Binciken maganin sikila na zaɓa. Ba sai na rubuta dalili ba.

Alhamis, 19 ga Yuni
Na gwada wa Ummukulsum a wayata. Ta ƙura ido ga sandar da ke cika a allon tana nuna inda aikin ya kai, ta ce, "Baba, in ta kai ƙarshe na warke?" Na ce ba haka ake yi ba. Wai to yaya ake yi. Na hau bayani, ta yi barci.

Asabar, 28 ga Yuni
Sunan Gumel ya fito a jerin ƙungiyoyin Najeriya masu taya binciken lissafi, sama da wasu manyan birane. Ni na kai shi. A majalisa na nuna wa kowa, har da mai shayi.

Alhamis, 3 ga Yuli
Malam Rabe, takwarana na makarantar Gagarawa, ya kira. Wai in bar shi ya haɗa nasa kwamfutocin da ƙungiyarmu. Mutumin da ya ce a gaban jama'a ina wahalar da batura a banza! Na ce zan yi tunani. Ba zan yi ba.

Talata, 8 ga Yuli
Ruwa da sanyi. Ciwon Ummu ya tashi, ƙafa da baya. Muna asibiti.

Juma'a, 11 ga Yuli
An ƙara mata jini. Tunda muka zo ban leƙa makaranta ba, komai a kashe. Da rana na ciro waya in ga ko mun sauka a jerin, matata Adawiyya ta kalle ni ta ce, "Malam, 'yarka hannunka take nema." Na mayar aljihu.

Bayan la'asar sai ga Rabe da ledar lemo, takalminsa duk taɓo. Ashe ɗan ƙanwarsa ma sikila gare shi, bara aka rasa shi. Ban taɓa sani ba. Ban taɓa tambaya ba. Ya ce, "Ka ba ni makullin ɗakin kwamfutocin, kullum ina shigowa Gumel ɗaukar uwargida daga aiki." Na daɗe ina laluben aljihu, alhali na san inda yake.

Talata, 15 ga Yuli
Ummu ta cinye kwanon fate ita kaɗai, har ta yi faɗa da ƙaninta. Alhamdulillahi.

Rabe ya haɗa Gagarawa, ya kuma jawo wani mai shagon kwamfuta a Maigatari. Ya ce lissafin da muke gamawa ya ninka. Shi ya fi ni iya lallashin mutane, wannan kam gaskiya ne. Amma ni na fara.

Ya dawo min da makullin ɗazu. Na tsaya kasuwa na sa an yanka masa na biyu.