Kilen da ke cikin motar Baba

Gwaggo Zinatu, don girman Allah ki taimake ni kafin Jumma'a, don ranar za a yanke wa 'yar mutane hukunci a kan laifin da ba nata ba, kuma bakina ne ya jawo mata.

Ni a Zangon Parakou nake zaune, gyaran kwamfuta ne sana'ata. Gidanmu kuwa Djougou ne, fataucin goro muka gada tun kakanni, kuma mahaifina ne babba a kan ƙannensa. Bara suka sayi sarbar, wato babbar na'ura mai goye da wasu kwamfutoci a cikinta, waɗanda ba a ganinsu da ido. Ta nan ake bin sawun motocinmu a hanya. Da aka nemi mai kula da ita, ni na kawo Khalida, 'yar Malam Usuman mahauci na Onklou. Baffannina sun yi ta gunaguni wai mace me za ta yi a siton goro, ni na tsaya kai da fata har aka ɗauke ta.

Makon jiya aka ɗauke wuta. Da ta dawo, sarbar ta tashi amma kwamfutocin cikinta suka ce ba su san zance ba. Ga motocin goro a hanya ba a san inda suke ba, goro kuma kin san ba ya jira. Na taho Djougou a gurguje. Na duba batir, na duba waya, na duba babban ma'ajinta, duk lafiya lau. Sai can na ga na'urar tana kukan ta rasa dosiye, wato aljihun da take ajiye tarkacenta na wucin gadi, kamar dai 'yar tabarmar da mai tsince goro ke zuba ganye a kai. Babu wannan wurin, ba ta taɓa komai. Kash! Nan take, gaban Baba da baffannina, na buɗe baki na ce wani ne ya goge. Kowa kuwa ya san daga ni sai Khalida ke da lambar shiga. Tana wurin, ta juyo ta dube ni. Aka ce ta zauna gida tukun.

Na buɗa sabon dosiye, na nuna wa na'urar hanyarsa, komai ya tashi, har ana yi mini sannu da aiki. Sai da na natsu na bi diddigi na gane ba wanda ya goge komai. Ashe wanda ya haɗa na'urar tun farko a kan wani ɗan kile ya ajiye dosiyen, abin nan da 'yan Najeriya ke ce wa filash, ya soke shi a bayanta ya ɗaura masa jan zare. Na leƙa, ramin wayam.

Gwaggo, na ga kilen. Da zan koma Baba ya rage mini hanya zuwa tasha, sai ga shi da jan zarensa soke a rediyon motarsa, tafsiri na tashi. Da murnarsa ma ya ba ni labari cewa ya tsinto shi yana zaman banza a bayan akwatin nan, ya kai kasuwa aka wanke aka zuba masa karatu. A gidanmu abin da ke sito na gida ne, babba ba ya neman izini, yaro kuma ba ya ce wa babba me ya sa ka ɗauka. Wallahi harshena ya yi nauyi, na sauka na kama hanyar Parakou.

Bayan sallar Jumma'a za su zauna su sallame ta. An ce Malam Usuman ya daina bi ta ƙofar sitonmu don kunya. In na yi magana na kunyata mahaifina gaban ƙannensa, in na yi shiru na ci amanar yarinyar da ni na kawo. Ko abinci ba ya mini daɗi. Yaya zan yi?

Ɗanki mai nauyin baki, Zangon Parakou

Ɗana,

Nauyin bakin nan ina ya shiga ranar da ka ce wani ne ya goge? Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, sai dai gyara. Amma kwantar da hankalinka, abin bai kai inda kake zato ba.

Mahaifinka bai yi sata ba, bai yi mugunta ba. Ya ga abu a sitonsa bai san aikinsa ba ya ɗauka. Kunyar da kake ji masa tarbiyya ce, ban raina ta ba. Sai dai kunyarsa ta yini ɗaya ce, Khalida kuwa in aka sallame ta a haka, sunan zai bi ta duk inda ta nemi aiki.

Kada ka jira Jumma'a. Sayi sabon kile, ka zuba masa tafsirin nan har da ƙari, ka je Djougou ka same shi shi kaɗai. Fara da naka laifin, ka ce ka yi gaggawar magana kuma ka gano ba haka ba ne. Sannan ka miƙa sabon, ka roƙi mai jan zaren, ka faɗa masa aikin da yake yi a bayan na'ura. Kada ka ce ya yi kuskure, dattijo ne, zai ƙarasa da kansa. Ka bar masa girman ya aika a kira yarinyar da bakinsa. In ka ga ya yi shiru, nemi wani dattijo a dangi ko amininsa su taya ka. In duk bai yiwu ba, ranar zaman ka tashi ka ce ka bincika, hannun Khalida bai taɓa komai ba, wani abu ne aka zare a baya. Wannan ba sai ka ambaci suna ba.

Kai kuma ka taka har Onklou ka ba ta haƙuri gaban mahaifinta, ba ta waya ba. Ka tabbata dosiyen yana cikin na'ura ba a kan abin da hannu zai iya zarewa ba, ka sa wa akwatin kwaɗo, ka manna gargaɗi da ajami yadda dattawa za su karanta.

Kada ka raina mahaifinka, ɗana. Mutumin da ke jin tafsiri safe da yamma ba zai so ya ci gaba da jinsa da haƙƙin 'yar mutane soke a motarsa ba, kuma ranar da ya gane ka sani ka bar shi, wannan ne ba zai yafe maka da wuri ba. Allah ya sassauta maka harshe, ya wanke Khalida, ya ƙara wa Baba girma.

Gwaggonka, Zinatu