Ku Ƙwato wa Babanku Waƙoƙinsa

Da sunan Allah. Ni ce mahaifiyarku. Wannan wasiyyata ce, kuma hankalina garau yake.

Ranar da na gane an cuce mu, ina ninke wanki a tsakar gida. Auta ta ɗora wa babanku waƙarsa a shafinsa na intanet, sai aka goge, wai mai waƙar ya kai ƙorafi. Babanku ya yi dariya ya ce, "To ni ɗan amshi ne ke nan?" Ni ban yi dariya ba. Ashe mai situdiyo, amininsa da nake zuba wa abinci da hannuna, ya yi wa waƙoƙin rajista da sunansa. Da babanku ya yi magana, sai mutumin ya fito a bidiyo ya kira shi ɓarawon fasaha. Jama'a suka yi ta turawa. Babanku ya rataye jita, ya daina fita, har Allah ya karɓi abinsa.

1. Yaya Babba, kaset-kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadona naki ne. A ɗakin nan babanku ya naɗi waƙoƙinsa a kansu, tun ba a gina situdiyon ba. A ɗaya ana jin kukanki kina jaririya, ina cewa ya rage murya. Ki kai wa lauya kwafi, na asalin kada su bar hannunki.

2. Jita ta Auta ce. Ki daina zargin kanki, 'yata, ba ke kika jawo ba.

3. Direba da Malam, ku daina gaba. Direba, kai ka ce a fasa situdiyon. Malam, kai ka ce a haƙura. Duk ban yarda ba. Kada ɗayanku ya zagi mai situdiyon a waya, jira yake ya maka ku a kotu kan ɓata suna. Ku haɗiye fushi ku bi shari'a. So nake alƙali ya tsayar da shi gaban kyamara ya ƙaryata kansa da bakinsa, 'ya'yansa na kallo.

4. In ya zo gaisuwata, kada a shimfiɗa masa tabarma. Na yafe wa kowa, ban da shi.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe juna, ku shiga kotun nan tare, ku huɗu.

Har yau sunan mutumin nan ne a kan waƙoƙin babanku. Ban iya cire shi ba.