Ƙorafi Kan Dukan da Aka Yi wa Ummulkhair Rabe a Gidan Reno na Tudun Tsira

Daga: Malama Hasanatu Mu'azzam,
Malamar aji biyu,
Gidan Renon Yara na Tudun Tsira, Gumel.

Zuwa ga: Jami'ar Kula da Walwalar Yara,
Shiyyar Gumel, Jihar Jigawa.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: DUKA DA KULLEWA DA AKA YI WA YARINYA UMMULKHAIR RABE, 'YAR SHEKARA TAKWAS, DA SHIRIN TURA TA GIDAN KANGARARRUN YARA

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ina neman izinin gabatar da koke a gabanki. Shekarata huɗu ina koyarwa a wannan gida, ban taɓa tsallake shugabana na rubuta wa ofishinki ba. Yau na tsallake, domin sau biyu ina kai masa magana yana ce mini in je in riƙe allina.

1. Ummulkhair 'yar marigayi Malam Rabe ce, ɗan kasuwar riɗi daga Sule Tankarkar. Mahaifiyarta ta rasu tun tana goye. Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, suna dawowa daga kasuwar Maigatari a bayan a-kori-kura, 'yan fashi suka tare hanya da la'asar sakaliya. Mahaifinta ya tura ta tsakanin buhuna da jarkokin fetur, ya ja tamfol ya rufe ta, ya ce kada ta yi motsi sai ya kira ta. Daga ƙarƙashin tamfol ɗin ta ji harbin da aka yi masa, jininsa ya gangaro ya jiƙa mata hijabi. Ba ta motsa ba. Sai washegari wani direba mai suna Manu ya ɗaga tamfol ya gan ta a dunƙule, idonta a buɗe. Da aka nemi danginta ba a samu ba, aka kawo ta gidanmu ranar 2 ga Disamba. Duk wannan bayani yana cikin fayil ɗinta, a ofishin shugaban gida, Alhaji Abdulsalam. Na tambayi Malam Lado, mai kula da tarbiyya, ko ya taɓa karantawa, ya ce shi ba a ɗauke shi aikin karatu ba.

2. Tun zuwanta tana fitsarin kwance. Ba ta son a rufe ƙofa, kuma idan aka tayar da janareta ta ji warin fetur sai ta shige ƙarƙashin benci ta toshe kunnuwa, a yi ta kira ba ta amsawa. A gidanmu sunan wannan taurin kai. Ranar Talata, 18 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Malam Lado ya ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarmarta a ka, ya sa ta zagaya tsakar gida sau bakwai, ya jera yara arba'in da ɗaya suna tafi suna yi mata waƙa. Wanda bai yi tafi ba ya sha bulala. Daga ranar ta daina magana da kowa.

3. Ba zan ɓoye nawa laifin ba, domin kada a ce na zo wanke kaina. A watan Janairu ni ma na taɓa janyo ta daga ƙarƙashin benci, na tsula mata rula uku a tafin hannu. Ba ta yi kuka ba, ta dai zuba mini ido, fitsari yana bin ƙafarta. A watan Afrilu aka tura ni bitar kwana biyar kan kula da yaran da suka ga tashin hankali. A can aka fahimtar da mu cewa irin wannan yaro ba ƙin ji yake yi ba, jikinsa ne yake komawa ranar da abin ya faru, kuma duka da kullewa ƙara tura shi can suke yi. A ɗakin bitar na zauna ina hawaye kamar wadda aka yi wa rasuwa. Da na dawo na mayar da kujerarta bakin ƙofa, na riƙa barin ƙofar a buɗe, ina sanar da ita kafin a tayar da janareta. Cikin mako uku ta fara amsa sunanta a rajista, ta rubuta harufa goma sha biyu da hannunta. Na roƙi shugaban gida ya ba ni rabin sa'a in bayyana wa sauran ma'aikata abin da na koyo. Ya ce tarbiyyar da aka yi mana ba ta kashe mu ba.

4. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ina aji uku ina riƙe wa wata malama darasi, wata yarinya ta lulluɓa wa Ummulkhair bargo a ka daga baya da sunan wasa. Ummulkhair ta ƙwalla ƙara, ta yakushe ta a fuska. Malam Lado bai tambayi mafari ba. Ya kama ta a wuya ya ja ta har siton da ake ajiye janareta da fetur, ɗakin da ba shi da haske sai wata 'yar taga ta gilashi, ya jefa ta ciki ya sa kwaɗo. Ranki ya daɗe, kin san zafin Gumel a watan Mayu, kuma rufin ɗakin kwano ne. Yaran sun shaida mini cewa ta yi ta buga kanta a jikin ƙofar ƙarfe tana kiran babanta. Da ta ga ba a buɗe ba, ta naushi gilashin tagar, ya tsarge mata hannun dama daga wuyan hannu har kusa da gwiwa.

5. Ƙarar gilashin ce ta dawo da Malam Lado. Maimakon ya ɗaure mata hannu, sai ya shiga da fambel, wato igiyar robar janareta. Da ya miƙa hannu zai damƙe ta, ta kama yatsansa da haƙori ta ƙi saki, har sai da ta kai ƙashi. Ya buga kanta da bango, ta saki, ya rufe ta da duka. Ihun yara ne ya fito da ni. Na tarar da ita a ƙasa cikin jini da fetur ɗin da ya kife, shi kuma yana tsaye a kanta yana ɗagawa yana saukewa. Na faɗa kanta na rufe ta da jikina. Biyu daga cikin bulalun a bayana suka sauka, shatarsu tana nan ga duk macen da ofishinki zai turo ta duba. Abin da ya faɗa, a gaban yara, shi ne, “Ki tashi, Malama, yau sai na fitar mata da aljanin nan.” Na ce masa sai dai ya haɗa da ni. Na yage gefen mayafina na ɗaure mata hannu, na saɓa ta a kafaɗa na fita titi na tare adaidaita sahu.

6. A asibiti an yi mata ɗinki goma sha huɗu a hannu, uku a goshi. Ma'aikaciyar jinya ta ƙirga shatar duka ashirin da biyu a bayanta da cinyoyinta. Kwafin rahoton likita yana haɗe da wannan takarda.

7. Abin da ya hana ni haƙuri shi ne rahoton da shugaban gida ya rubuta ranar Juma'a, 16 ga wata. A ciki an ce yarinyar ta far wa ma'aikaci ta ji masa rauni, kuma ta zama haɗari ga sauran yara, saboda haka za a miƙa ta gidan kangararrun yara ranar Alhamis, 22 ga Mayu. Ba a ambaci sito ba, ba a ambaci fambel ba. An nemi in sa hannu a matsayin shaida, na ƙi. Malam Lado yana nan bakin aikinsa da bandeji a yatsa, kuma makullin siton yana aljihunsa.

8. Ina kuma sanar da ke cewa Hajiya Maijidda ta Gagarawa, tsohuwar ungozoma wadda ta riƙe marayu uku har suka girma, ta nemi riƙon Ummulkhair a rubuce tun watan Maris. Takardarta tana ofishin shugaban gida, ba a tura muku ba. Tun ranar Alhamis da ta wuce take zuwa asibiti kullum da kunun gyaɗa, kuma daga hannunta kaɗai yarinyar take karɓar abinci.

Bisa ga haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinki da ya dakatar da tura Ummulkhair kafin ranar Alhamis, ya turo wanda zai ga siton da idonsa, ya kuma saurari yaran ɗaya bayan ɗaya ba a gaban ma'aikata ba. Ina roƙon a janye Malam Lado daga cikin yara har a gama bincike, a haramta duka da kullewa a gidan a rubuce, a kuma tura dukkan ma'aikata irin bitar da na je, tun daga mai gadi har shugaba. Akwai yara aƙalla tara a gidan da suka zo da labari mai kama da nata. Sannan a duba buƙatar Hajiya Maijidda, a haɗa yarinyar da likitan da ya san ciwon firgici.

Na san wannan takarda tana iya raba ni da aikina. Na yi shawara da maigidana, ya ce in rubuta.

A bakin gadonta nake wannan rubutu. Ɗazu da likita ya zo zagaye ya ce jibi za a sallame ta. Bayan ya wuce ta jawo bakin hijabina da hannun hagu, ta ce, “Malama, in an sallame ni ina za a kai ni?” Na gyara mata matashi, na ce ta bari in tambayo. To, ranki ya daɗe, ga shi na tambaya.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya yi miki jagora a kan amanar da ke hannunki.

Taki cikin girmamawa,

Hasanatu Mu'azzam
Malamar aji biyu, Gidan Renon Yara na Tudun Tsira, Gumel.