Ƙwallon da Ogutu Ya Ce Ta Fita

Nairobi, Laraba

Zuwa ga uwargidana Maman Naliaka,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya Naliaka, tarin ya sake ta? Yaya Mama da bayan nata? Ki gaishe min da yayanki Masinde, ki ce masa ban manta da maganarmu ba. Idan gasar Kigali ta ƙare ban sami maki ko ɗaya ba, zan dawo Bungoma in kama aikin awon rake da ya samo min, in rataye raket ɗina na buga tanis, kuma ba zan ƙara tayar da zancen ba. Maki ɗaya tak nake nema, Nangila, sunana ya shiga jerin 'yan tanis na duniya ko da a can ƙarshen wutsiya ne. Ana samunsa ne idan mutum ya tsallake wasannin share fage, ya shiga babbar gasa, ya ci wasa guda.

To, a nan dai an fitar da ni tun a share fage. Kin san a share fage babu alƙalin wasa. Kowa shi ke yanke hukuncin ƙwallon da ta faɗi a ɓangarensa, in ya ce waje, waje ce. Wani yaro Bafaranshe, wanda a haife na kusa haifarsa, ya bugo min wata a daidai lokacin da wasa ya ɗau zafi. Na ga ta lashi layi. Ba wanda ke kallo sai hankaki, amma bakina ya ƙi cewa waje. Daga nan wasan ya kuɓuce min.

Ogutu ya kusa cinye ni ɗanye. Kin tuna shi, dogon nan ɗan Siaya mai ɗaure gwiwa, wanda ya cinye mana kaza guda a bikin sunan Naliaka. Har yanzu ɗaki ɗaya muke kamawa, katifa ɗaya, kuma har yanzu Fasto yake kirana don zolaya. Ya ce, "Fasto, tanis ka zo bugawa ko wa'azi? Yaron nan ubansa na da jirgin ruwa, kai ko keke ba ka da shi, kai ne mai yi masa kyauta?" Na ce, "Tsoho, kai da ba ka kyauta, ina naka makin?" Ya yi dariya har da tari. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma duk shekarun nan bai taɓa shiga babbar gasa ba.

Gobe za mu hau mota zuwa Kigali. Ki sa ni a addu'a. Kewarki ta dame ni, tuwon ugalin nan garin kamar a tauna soso.

Mijinki,
Situma

Kigali, Litinin

Maman Naliaka,

Ina gaishe ki da gaishe da kowa na gida. Da fatan ruwan bai lalata miki waken ba. Ni jikina lafiya lau, zuciyata ce babu lafiya.

Na ci wasannina na farko, Ogutu ma ya ci nasa. Sai ga shi wasan ƙarshe na share fage ya haɗa mu, ni da shi. Da muka gani a jikin allo ya dafa kafaɗata ya ce, "Fasto, yau sai dai ka yi wa kanka addu'a." Tare muka karya da safe, ni na ja masa tsirkiyar raket ɗinsa ma, don hannuna ya fi nasa.

Nangila, ban taɓa buga wasa irin na yau ba. Na yi ta jan sa dama da hagu saboda na san gwiwar, ban ji kunya ba, wasa ne. Har muka kai inda ƙwallo ɗaya ta rage min in ci. Na buga ta can kusurwar bayansa, na ga farar ƙura ta tashi daga layi da idona. Har na ɗaga hannu sama. Sai na ji ya ce, "Waje."

Filin jar ƙasa ne, ƙwallo tana barin sawu. Na ce, "Tsoho, nuna min sawun." Na nufi raga. Yana kallona, ina kallonsa, ya sa tafin takalminsa ya murje wurin a hankali, kamar mai kashe kyankyaso. Ya ce, "Na ce waje, Situma." Bai taɓa kirana da sunana ba sai yau.

Na kira mai kula da gasa. Matar ta zo ta duba, babu sawu, babu abin da za ta iya, hukuncin mai ɓangare ne. Daga nan ban ƙara cin ƙwallo ko ɗaya ba, wasan ya zama nasa. Na tsane shi, Nangila. Ina rubuta miki wannan yana kwance a bayana a kan katifarmu, ya juya fuska bango, kuma wallahi na tsane shi.

Amma saura ƙiris ɗin fata. Idan wani daga cikin 'yan babbar gasa ya janye kafin wasansa, ana cike gurbin da ɗaya daga cikinmu da muka faɗi a wasan ƙarshe. An yi ƙuri'a, ni na fito na farko. Gobe zan zauna a bakin fili da kayana, ina jiran wani ya yi zazzaɓi. Dubi abin da na koma.

Ki sumbaci Naliaka.

Naki,
Situma

Kigali, Laraba

Nangila tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya ke da yarinya da Mama. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya da safe Ogutu ya tashi gwiwarsa ta kumbura kamar gwanda. Wasanmu ne ya ƙarasa ta. Ko banɗaki sai da ya dafa bango. Wanda zai kara da shi a babbar gasa kuwa wani yaro ne ɗan Indiya da na sha ci a atisaye. Da a ce Ogutu ya je ofis ya ce ya janye, da gurbin nawa ne, kuma na rantse miki da na ci yaron nan.

Ban yi niyyar roƙonsa ba, amma na roƙe shi. Na ce, "Tsoho, ba za ka iya ba, kai ma ka sani. Ka ƙwace min jiya, na bar ka da Allah. Wannan kam ka bar min." Yana ta naɗa bandeji a gwiwar, naɗin sai warwarewa yake. Can ya ce, "Fasto, a babbar gasa akwai alƙali a kan doguwar kujera. Yana kiran sunan mutum da na ƙasarsa. Tun kana firamare nake son in ji an kira nawa."

Na ce, "Sunan kawai?"

Ya ce, "Sunan kawai."

Na so in mare shi. Maimakon haka na karɓi bandejin na ɗaure masa, don ganin yadda yake naɗin yana ba ni haushi.

Ya shiga fili yana jan ƙafa. Alƙali ya kira sunansa, Ogutu daga Kenya, ya ma karya sunan. Ya tsaya ƙiƙam ya rufe ido. Mu 'yan kallon ba mu cika benci ɗaya ba. Da aka buga ƙwallon farko, gurbina ya mutu, don doka ta ce in an fara an fara. Bai daɗe ba ya bi wata gajeriyar ƙwallo, gwiwar ta yi ƙara har inda nake zaune, ya zube. Yaron ya sami makinsa ko gumi bai yi ba. Ba wanda ya sake janyewa har aka tashi.

Ni na goyo shi zuwa inuwa. Yana kuka a wuyana yana cewa, "Ka ji? Ka ji an kira?" Na ce na ji.

Shi ke nan, Nangila, ta ƙare. Ki gaya wa Masinde zan je kamfanin sukari ranar Litinin. Ban san yadda zan tsaya a bakin sikeli ina kallon motocin rake har tsufana ba, amma na yi alkawari. Kada Naliaka ta ƙara wasa da tsohon raket ɗina na bayan ƙofa, ki ɗora shi saman kabad inda ba zan gani ba.

Likita ya ce Ogutu zai daɗe bai taka ba. A Siaya ba shi da kowa sai tsohuwarsa, wadda ita ma riƙe ta ake yi. Motarmu za ta iso Bungoma ranar Juma'a da hantsi, ki turo masu babur biyu. Ki yi masa shimfiɗa a ɗakin masara, ki sa masa bokiti kusa. Ban yafe masa ba, kuma ban san ranar da zan yafe ba. Kada ki yanka masa kaza.

Mijinki mai dawowa,
Situma