Reshen da Zan Sare Gobe

Yaya Fumie,

Ina gaisuwa daga Omiya. Yaya gwiwar Inna? Ni lafiya lau, wayar lanƙwasa rassa ce kawai ta tsattsage min yatsu.

Kwana shida ina jujjuya wani bonsai, ɗan ƙaramin itacen da ake reno a tukunya, mai shekara casa'in, ina neman gefen da zai zama fuskarsa. Zama ya gagare ni. Maigidana Kuwabara ya ce, "Kai Shigeru, aurensa za ka yi? Zaɓi mana!"

Yau na zaɓa, amma dole in sare babban reshe. Marigayi mijin matar da ke da itacen ne ya rene shi, kuma ta ce gobe a gabanta za a sare.

Ki kunna min turare gaban hoton Baba.

Ƙaninki,
Shigeru