An rubuta ni mai rakiya a ajin da na kafa

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin ajin bakansi, wato ajin dogon hutu, na ƙungiyar ɗiyan Kurfey, a Filinge.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran membobin kwamiti, da fatan damina ta yi albarka. Na zo ofishinka sau biyu ana cewa ka tafi Baleyara, shi ya sa na ɗauki alƙalami, kowa ya ji.

Ni ne Mushe Hamidu, malamin tarihi a lise, babbar sakandaren garin nan. Da ni aka buɗe ajin nan da ke shirya ɗiyanmu masu lisansi, digirin farko, su shiga karatun masta. Bakansi shida ina koyar da ilimin zamantakewa da dabarun bincike a ƙauye, tun muna zama ƙarƙashin rumfar zana. Ga abin da ke cina.

Na ɗaya. Bana kun ɗauki darasina kun ba Dokta Isufu, wanda ya dawo daga Yamai da babbar takarda da na'urar haska bango. Ba wanda ya gaya mini. A jikin ƙofa na gani, an liƙa jadawali, gaban sunana an rubuta “mai rakiya zuwa ƙauye”. Isufun nan ni na koya masa zana taswirar Nijar, har yau kayensa, littafin rubutunsa na aji uku, yana cikin akwatina. Ba zan ɓoye maka ba, Alhaji, kishi nake yi, kishi mai hana cin tuwo. In na ga yaran sun kewaye shi suna dariya, sai in juya in yi kamar ina gyaran babur ɗina.

Na biyu. Da kishi ne kaɗai da na haɗiye abina, amma ga abin da ya faru. Dokta ya buga takardar tambayoyi, ya tura ɗalibai wani ƙauye gabas da gari da hantsi, lokacin da duk mai ƙarfi yana gona. Waɗanda suka iske a gida, suka tsare su: mi sunan mijinki, ɗiyanki nawa, mi sunan na farin, damen hatsi nawa ke cikin rumbu. Haba Alhaji! Wace Bakurfaya ce za ta buɗe baki ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari? In ka ce ta ƙirga ɗiyanta, tsallake na farin za ta yi don kunya, wata ma alhamdu lillahi kawai za ta ce maka. Manomi kuwa ba ya gaya wa baƙo damensa, tsoron baki yake. Na faɗa tun a mota, aka ce mini haka tsarin yake a jami'a. Na ja bakina, tunda rakiya aka sa ni.

Na uku. Cikin ɗaliban akwai Hadiza, yarinya mai kai, wadda za ta aika tsarin bincikenta jami'a a kan haihuwa da abinci a ƙauyukan Kurfey. Ta haɗa amsoshin nan, ta rubuta cewa haihuwa ta ragu ƙwarai a ƙauyen, rumbuna kuma wayam. Ta kawo mini ne don in duba mata Faransanci kawai. Na karanta, na tambaye ta ita ta nawa ce a ɗakinsu, ta ce ta fari. Na ce, to mahaifiyarki ta taɓa kiran sunanki a gaban mutane? Sai ta sunkuyar da kai, ta gane.

Washegari bayan la'asar na koma ƙauyen da ɗaliban. Muka fara gaida maigari, muka sha fura, aka yi hirar ruwan bana. Lissafin ɗiya, kakanni da maƙwabta muka tambaya. Zancen rumbu kuwa ba mu ce dame nawa ba, cewa muka yi hatsin bara wane wata ya kai ka. Kafin magariba kayen Hadiza ya cika.

Na huɗu. Ranar rufe aji, kana zaune a kujerar gaba, Dokta ya haska aikin a bango ana ta tafi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya gode mini. Cewa ya yi, “da Baba da ya nuna mana hanyar ƙauyen.” Hanya! Direban da ya kai mu ma ai ya san hanya. Kai kuma da ka tashi jawabi, ka lissafa kowa har mai hayar kujeru, ni ka tsallake ni.

Ban ce a kori Isufu ba. Ya karanta littattafan da ban taɓa gani ba, kuma wannan ma yana ƙona mini rai, na yarda. Amma na ji a wannan satin za ku zauna a kan jadawalin baɗi, don haka ga roƙona. A bar masa darasin littafi, a maido mini na bincike a ƙauye, da alli a hannuna, a gaban allo. A goge “mai rakiya” daga gaban sunana. In kun ga ba zai yiwu ba, ku gaya mini a fuskata, kada in sake ganowa a jikin ƙofa.

Na yi ta neman uzurin da zan ba ka, Alhaji, ɗaya kaɗai na samu. Ni ne malamin fari na ajin nan, wataƙila kunyar ɗan fari ce ta kama ka. In ita ce, na yafe maka ita, ka faɗi sunana.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya ba Hadiza da 'yan'uwanta sa'a.

Wassalam,
Mushe Hamidu, Filinge.